Wai me za mu kira homophones da Hausa ne?

Jama'a a taimaka min. Jiya ƙanwata 'yar aji biyu a sakandare ta dawo an ja mata jan biro a shifta, ta rubuta "see" alhali "sea" malamin yake nufi, take ce min Yaya ai duk abu ɗaya ya faɗa, kuma wallahi da gaskiyarta. Na zo zan yi mata bayani sai na ga ban da sunan abin da Hausa. Turawa dai homophones suke cewa, daga Girkanci suka aro, sauti iri ɗaya kenan. Irin su right da write, night da knight, meat da meet.

Su ma fa ba da gangan suka yi ba. Da can wannan k ɗin na knight furta shi ake yi, meat da meet ma kowace da wasalinta, sai William Caxton ya kawo injin ɗab'i Ingila a 1476 rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya, baki kuma ya ci gaba da tafiyarsa, k ta faɗi, wasula suka haɗe, rubutun yana nan yadda kakanni suka bar shi.

Wani abokina ya ce a ce tagwayen kalmomi. Ya yi daɗi a kunne amma tagwaye an riga an kama wurin, muna da tagwayen baƙaƙe irin sh da ts, ga tagwayen wasula, yara za su rikice. Wani ya ce harshen damo, a'a malam, wannan ai magana ɗaya ce mai fuska biyu, nan kuwa kalmomi biyu ne kowace da gidanta.

Abin dariyar mu namu a juye yake, tunda boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali: gari na mutane da gari na tuwo, wuya ta wahala da wuya na sarƙa, kuka na hawaye da kuka ta miya, rubutu ɗaya furuci daban. Kar a haɗa su da na Turawa don Allah. Haka pull da full, ba sa ciki, bakinmu ne kawai ke murɗe p ta koma f.

Ni dai abin da ya kwanta min shi ne takwarorin sauti. Takwara ai shi ne a kira suna ɗaya mutum biyu su waiwayo, alhali kowa da ubansa. Kuma tana shiga jimla ba wahala: "sea" takwarar "see" ce, "two" ma takwarorinta biyu, "to" da "too". Na gwada wa ƙanwar tawa da daddare, kafin in rufe baki ta ce to ashe "sun" takwarar "son" ce.