Tutocin tunawa da waɗanda 'yan ta'adda suka kashe: yaya ake shiryawa?

Ɗan Kofar Kaura: Assalamu alaikum. Matasan unguwarmu a Katsina na son kafa tuta ɗaya ga kowane mamaci daga ƙauyukan da 'yan bindiga suka kai wa hari, kamar yadda ake kafa kusan 3,000 a Amurka saboda mutum 2,977 na harin 11 ga Satumba 2001. Ta ina za mu fara?

Tela Mai Keke: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ku sayi farin yadi na roba, auduga tana shan raɓa ta yi nauyi. Yadi ɗaya mai faɗin inci 60 zai ba ku tuta goma masu inci 12 da 18. A kalmashe baki a ɗinke, in ba haka ba iskar hunturu za ta zare shi cikin kwana biyu. Sanda ta kai ƙafa uku. Ƙasar rani ba ta karɓar sanda, karyewa take yi, don haka a yayyafa ruwa tun dare, da safe a huda rami da rodi kamar inci shida. Tsakanin tuta da tuta taku ɗaya. Baƙin yadi da farin rubutu kuwa kada ku kusance shi, kun san tutar da zai tuna wa mutane.

Malamin Islamiyya: Allah ya jiƙansu da rahama. Ku kula da sunaye. Abdullahi da Abdurrahman suna ɗauke da sunan Allah, tuta kuwa tana faɗuwa a taka ta. Ku bar tutocin ba rubutu, sunayen a rubuta su a babban allo a ɗaga sama. Aya ma kada a sa.

Hajiya Daura: 'Ya'yana, kafin yadi ku je gidajen. Wata matar tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, ba za ta fito ba. A aika mata mata su nemi izininta. Wasu ba za su so a bayyana sunan nasu ba don tsoron maharan, a bar musu. Ni a ganina in kuɗin tuta ya fi na hatsi da kuɗin makarantar marayu, an yi kuskure. Ku sanar da mai unguwa da hakimi da 'yan sanda tun da mako guda, kuma a kwashe tutocin kafin magariba.