An tura ni kwamitin amintattu na fanshon ƙananan hukumomi: daga ina ake fara sa ido?

Wakilin Ma'aikata ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar fansho daga ciki. Ni ma'aikacin sashen lafiya ne a wata ƙaramar hukuma ta cikin birni, shekarata 19 ina aiki, kuma a watan jiya ƙungiyarmu ta tura sunana in wakilci ma'aikata a kwamitin amintattun da ke kula da asusun fanshon ƙananan hukumomin jiharmu. Tsarinmu irin wanda ake tara gudummawar kowa a asusu ɗaya ne, a riƙa biyan waɗanda suka yi ritaya daga ciki.

A zaman farko da na halarta, sai da muka zauna aka raba mana rahoto mai kauri, sakatare ya karanta taƙaitaccen bayani, aka ce a amince, muka amince, aka ba mu alawus ɗin zama muka watse. Na sa hannu, amma raina bai kwanta ba, domin akwai abu biyu da na kasa haɗa su. Kowane wata ina ganin an cire kuɗin fansho a takardar albashina, haka ma duk abokan aikina, amma kuma na san mutanen da suka ajiye aiki shekara uku da suka wuce har yau ba su karɓi garatuti ba. Wace takarda ya kamata in fara nema, kuma wace tambaya ce idan na yi ta ba za a iya rufe ni da dogon Turanci ba?

Tsohon Ma'aji ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya taya ka riƙo. Na yi shekara 35 a baitulmalin ƙananan hukumomi, kuma abin da zan fara faɗa maka shi ne, cirewa daban, zubawa daban. Abin da kake gani a takardar albashinka shaida ce kawai cewa ba a ba ka wannan kuɗin ba. Ba ta nuna cewa ya isa asusun fansho.

Ga yadda abin yake faruwa. Sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma shekara da shekaru nan ne kason ƙananan hukumomi yake sauka kafin a raba. Idan wata ya zo da ƙarancin kuɗi, abin da ake fara nema shi ne tsabar da za ta shiga aljihun ma'aikaci, domin ita ce idan ta makara za a ji hayaniya a sakatariya. Kuɗin da aka cire na fansho kuwa ba ya kuka, sai a bar shi a rubuce a matsayin bashi, a ce za a cike wata mai zuwa. Kason da ya fi shan wannan wahala shi ne na gwamnati, wato gudummawar da ita mai ɗaukar aiki za ta ɗora a kan ta ma'aikaci, saboda shi ko a takardar albashi ba ya fitowa, babu wanda zai lura ya ɓace. Na ga shekarar da aka zuba kason ma'aikata cif, na gwamnati kuwa wata biyar kacal, kuma rahoton ƙarshen shekara ya fito tsaf babu wanda ya ɗaga gira.

Saboda haka ka nemi takardu uku na wata guda, ka ajiye su gefe da gefe: jadawalin albashin kowace ƙaramar hukuma wanda ya nuna jimillar abin da ya kamata a zuba, takardar umarnin biya da aka aika banki, sai bayanin shige da ficen asusun fanshon kansa, mai hatimin banki, ba wanda aka sake bugawa a ofis ba. Kada ka karɓi jimillar shekara, domin a cikin jimilla ake ɓoye giɓi. Idan ka ga bambanci, ka tambayi ranar da kuɗin ya shiga, ba adadinsa kaɗai ba. Dokar fansho ta tarayya ta 2014 ta ba mai ɗaukar aiki kwana 7 na aiki bayan biyan albashi ya zuba kuɗin, ta kuma sa tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 ba a kowane wata kan abin da aka riƙe. Ku dokar jiha ce take tafiyar da ku, don haka ka duba ko akwai irin wannan wa'adi a cikinta, kuma ko an taɓa cin wani tara tun da aka kafa asusun.

Wani abu kuma yana tafe. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, nake ta tunanin makomar waɗannan asusai. Duk ranar da hukuncin ya zauna da gindinsa, kwamitinku ba ƙofa ɗaya zai riƙa ƙwanƙwasawa ba, sai ya bi kowane ciyaman da ma'ajinsa. Gara ku nemi a rubuta umarnin cirewa tun daga tushe yanzu.

Mai Lissafin Fansho ta amsa:

Baba Ma'aji ya kama bakin zaren, ni zan ɗora daga inda ya tsaya, domin ko da an zuba kowane kobo a kan lokaci, asusu irin naku yana iya rugujewa a hankali ba tare da kowa ya saci komai ba.

Tsarin fansho na gudummawa iri biyu ne a ƙasar nan. Akwai na tarayya da aka kawo a 2004, aka sabunta a 2014, inda kowane ma'aikaci yake da asusunsa na kansa, shi ya zuba kashi 8 cikin 100, mai ɗaukar aiki ya zuba aƙalla 10, hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, tana sa ido, kuma abin da ka tara da ribarsa shi ne naka. Legas da Kaduna suna cikin jihohin da suka bi wannan hanya. Akwai kuma irin na Jigawa da Kano, inda aka faro da ma'aikaci yana ba da kashi 8, gwamnati 17, ana zubawa a tukunya ɗaya, amma abin da za a biya mutum ya dogara ne da albashinsa na ƙarshe da shekarun aikinsa. A tsari na biyu alƙawari aka ɗauka, kuma alƙawarin yana girma ko tukunyar ta girma ko ba ta girma ba. Da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, duk wanda zai yi ritaya bayan nan haƙƙinsa ya tashi, alhali gudummawar da aka tara masa ta shekara talatin a kan tsohon albashi aka lissafa ta. Idan kuma an daina ɗaukar sababbin ma'aikata, masu zubawa suna raguwa, masu karɓa suna ƙaruwa.

Don haka tambayar da za ka yi ita ce: yaushe rabon da a kawo ƙwararren masanin lissafin fansho daga waje ya auna nauyin da ke kan asusun da abin da yake da shi, kuma ina rahotonsa? Odita yana gaya maka abin da ya shiga da abin da ya fita a bara. Shi wannan yana gaya maka ko kuɗin zai kai shekara ashirin masu zuwa. Idan ka samu rahoton, ka duba ribar da aka ƙiyasta asusun zai riƙa samu, domin da ƙara ta kaɗan a takarda sai giɓi ya ɓace wa ido.

Birnin Detroit na Amurka ya isa misali. A watan Yulin 2013 birnin ya shigar da takardar karyewar arziki da bashin kusan dala biliyan 18, kuma jami'in da aka naɗa ya ceto shi, Kevyn Orr, ya ƙiyasta giɓin asusan fansho biyu na birnin a kan dala biliyan 3.5, adadin da amintattun asusan suka musanta. Shekaru kafin nan, asusun ma'aikatan gama-gari, wato waɗanda ba 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana ba, ya saba raba ƙarin kuɗi a shekarar da aka ci riba, maimakon a adana don shekarar asara. Tsarin mulkin jihar Michigan ya hana a taɓa fansho, amma alƙalin kotun tarayya ya ce ana iya ragewa, daga ƙarshe aka zaftare kashi 4.5 cikin 100 na fanshon ma'aikatan gama-gari, aka kuma soke musu ƙarin tsadar rayuwa. Wakilan ma'aikata suna zaune a wancan kwamitin duk tsawon lokacin.

Game da juya kuɗin, ka yi hattara da duk shawarar da za ta mai da tsabar kuɗi ta zama gini, ko ta ba gwamnatin da asusun ke bi bashi rance daga cikinsa. Ɗan fansho ba ya cefane da bulo. A tsarin tarayya kamfanin da ke juya kuɗi daban, wanda ke ajiyarsa daban, kuma a ganina wannan rabuwa ita ce abu mafi amfani da za ku ara.

'Yar Malamin Firamare ta amsa:

Ni ba masaniyar lissafi ba ce, amma na yi shekara huɗu ina bin fayil ɗin mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda ya koyar a firamare har ƙarfinsa ya ƙare. Malam Wakili, ina roƙonka ka tambayi yadda ake tsara layin biyan garatuti. Mu abin da ya fi ci mana rai ba jiran ba ne, ganin wanda ya yi ritaya bayan Baba da shekara biyu ya karɓi nasa, sannan wani ya same mu a bakin ƙofa ya ce idan za mu bar masa wani kaso fayil ɗin zai motsa. Da a ce ana liƙa sunaye a allo bisa ranar ajiye aiki, kowa ya san na nawa ne shi, kuma duk wanda aka tsallake da shi saboda rashin lafiya a rubuta dalili, da wannan kasuwa ta mutu.

Sai maganar tantancewa. Na san dole ce, domin akwai sunayen matattu da na bogi da ake karɓar kuɗi da su. Amma na raka Baba sau uku, yana riƙe da takardar kama aiki da ta ƙarin girma a cikin leda, muna zaune a benci tun bayan asuba, da aka zo kansa na'urar ta ƙi karanta yatsansa saboda noma ya cinye zanen. Aka ce ya dawo, kafin ya dawo an tsayar da fanshonsa wata biyu. Tsofaffin da ba sa iya tashi a bi su gida, kuma kada a tsayar da kuɗin mutum sai an ba shi wa'adi a rubuce. Bayan rasuwarsa kuma muka shiga wani sabon layi na haƙƙin mamaci, da takardar kotu ta magada da sauransu, wanda babu wanda ya taɓa yi mana bayaninsa tun yana raye.

Lauyan Ƙwadago ya amsa:

Allah ya jiƙan Malam, Hajiya. Abin da zan ƙara gajere ne. Sashe na 210 na kundin tsarin mulki ya hana a riƙe wa ma'aikacin jiha fansho ko garatutinsa ko a sauya shi ta hanyar da za ta cutar da shi sai bisa doka, ya kuma ce a sake duba fansho duk shekara biyar, ko lokacin da aka yi gyaran albashi idan shi ya riga zuwa. Ka tambayi ranar da aka yi wannan dubawa ta ƙarshe.

Na ɗan saɓa da Mai Lissafi a wuri ɗaya. Raba mai juyawa da mai ajiya yana da kyau, amma ba ya maganin matsalar da Baba Ma'aji ya kawo, domin a jihohin da ke da asusun kai ma ana samun watannin da ba a zuba komai ba, sai dai can ma'aikaci yana gani a saƙon wayarsa. Ku ma kuna iya neman a riƙa buga abin da kowace ƙaramar hukuma ta zuba duk wata uku.

Kai kuma, Malam, ka sani amintacce yana ɗaukar alhakin abin da ya sa wa hannu. Duk buƙatarka ka rubuta ta, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Ka nemi a riƙa aiko da takardun zama mako guda kafin ranar, kuma idan ba ka yarda da wata shawara ba, ka tabbata an rubuta ƙin amincewarka a cikin bayanan taro, ka duba a zama na gaba ko tana nan. Rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙananan hukumomi yana zuwa majalisar dokokin jiha, ka neme shi ka gwada da abin da ake karanta muku. Wanzami ba ya son jarfa, za a ɓata rai, wataƙila ma a kira shugabannin ƙungiyarku a ce ka cika tsaurin ido, don haka ka sanar da su kowane mataki tun kafin ka ɗauka.

Wakilin Ma'aikata ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na rubuta wasiƙa ina neman takardu ukun nan na watanni shida da suka wuce, da jerin masu jiran garatuti bisa ranar ritaya, kuma shugaban reshenmu ya sa hannu tare da ni. Sakatare ya karɓa ya buga hatimi, amma ya ce bayanin banki sai da izinin shugaban kwamiti, wanda ya yi tafiya. Baba Ma'aji, idan har ranar zama ta zo ba a kawo ba, in nemi a ɗage amincewa da rahoton kuɗin ne, ko in bari a karanta sannan in sa a rubuta ƙin amincewata?