Shagon kifin ado a Sakkwato: a sayar wa duk wanda ya kawo kuɗi?

Ɗan Mabera ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina shirin buɗe shagon kifin ado, irin wanda ake ajiyewa a tankin gilashi a falo ko ofis, kuma akwai tambayar da ta tsaya mini a rai kafin in zuba jarina. Yawancin masu saye ba su taɓa kiwon irin wannan kifi ba, saboda haka ina tsoron kifayen su riƙa mutuwa a hannunsu cikin 'yan kwanaki. Shin in sayar wa kowa, ko in riƙa dakatar da wanda na ga bai shirya ba?

Mai kiwon kifi daga Arkilla ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarata ita ce kada ka sayar wa sabon shiga tanki da kifi a rana ɗaya. Kashin kifi yana haifar da amoniya, wadda guba ce, kuma ƙwayoyin bakteriyan da ke rage dafinta sukan ɗauki makonni 4 zuwa 6 kafin su kafu a matatar sabon tanki, ga kuma kilorin na ruwan famfo da ke ƙona wa kifi mashaƙarsa. Sannan ka yi la'akari da bazarar garin nan, inda zafi kan haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, domin idan ruwa ya yi ɗumi oksijin ɗinsa yana raguwa, kuma da zarar an ɗauke wuta famfon iska ya tsaya. Kifin zinariya ruwa mai sanyi yake so, don haka bai dace da gidan da babu sola ko inbata ba. Irin wannan gida a ba shi kifin da ake kira beta, wanda ke shaƙar iska daga saman ruwa, amma a gargaɗi mai gida kada ya haɗa maza biyu, domin faɗa suke yi.

Wani dattijo mai shago a Babbar Kasuwa ya amsa:

Malam ya faɗi gaskiya, sai dai idan ka mayar da mutum hannu rabbana, wani wurin zai tafi inda ba za a gaya masa komai ba. Ka bayyana masa haɗarin, ka ba shi kifi biyu ko uku masu juriya irin su moli, ka ce ya dawo bayan wata guda. Ribar wannan sana'a tana cikin abincin kifi, da matatar ruwa, da kwangilar wanke tankunan otal-otal da ofisoshi, kuma duk waɗannan sai kifi yana raye ake sayensu. Kifayen da aka ɗauko daga Legas kuwa, ka ware su makonni biyu kafin ka fitar, saboda wahalar hanya kan tayar da cutar da ke ɓoye a jikinsu.

Wata malamar Islamiyya ta amsa:

Alhaji, ina tare da ku, amma akwai wanda dole a hana. Hadisi ya tabbata game da matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Idan uba ya zo saya wa yaro kifi alhali babu babban da zai riƙa canza ruwa, gara ka sayar masa da tankin kawai, ka bar kifin sai gidan ya tsayar da mai kula.