Aikin rubutu nawa ya dace a ɗora wa ɗalibai a samesta guda?

Mushe Sabon Shiga:
Assalamu alaikum malamai, shawara nike nema. Ina koyar da tattalin arzikin karkara ga ƴan shekarar farko ta lisans a wata makaranta nan cikin garin Maradi, ajin ya haura mutum ɗari. Tsarin da na tarar shi ne kowane wata a ba su ekspoze, wato aikin rubutu kan wani take, mai shafi goma, taken kuma mai faɗi kamar "noma a Nijar", to abin da ke dawo mini duk bakinsu ɗaya, gabatarwa mai daɗin karatu da faransanci tsaf, amma ka nuna wa yaro jimla guda ka ce me kake nufi nan sai ya ɗaga kai yana kallon sama, tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 kuwa ko wahalar kwafa ba su sha. Ni ma gyaran takardun na cinye mini asabar da lahadi. Ya kuke tsara naku har yaro ya yi tunani da kansa ba tare da mun kashe su mun kashe kanmu ba?

Hajiya Malama:
Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da lissafi kafin komai. A tsarin LMD na jami'a (lisans, masta, dokta) samesta guda kiredi 30 ce, kowane kiredi kuma ana ƙiyasta shi awa 20 zuwa 25 na aikin ɗalibi gaba ɗaya, da zaman aji da wanda zai yi shi kaɗai. In darasinka kiredi 3 ne kenan rabonka awa 60 zuwa 75, ka cire awannin aji ka cire na bitar jarrabawa, abin da ya rage shi ne kawai kake da hakkin cikawa da rubutu, kuma shafi goma na gaskiya da karatu da bincike da gyara ba zai shiga nan ba sau uku ko huɗu. Su ma sun san ba zai shiga ba shi ya sa suke miƙa wa waya. Ɓangarenka kuma takarda ɗari, ko minti 15 ka ba kowace awa 25 kenan, kowane wata.

Ni abin da nike yi kowane aiki sai na tambayi kaina wane irin tunani guda ɗaya nike son gani. Jerin matakan tunani nan na masanin ilimi Bloom na 1956 da aka sabunta a 2001 yana taimakawa, tunawa, fahimta, aiki da abin da aka koya, tsattsefewa, yanke hukunci, ƙirƙira, ba wai sai ka bi shi kamar tsani ba amma zai nuna maka "noma a Nijar" bai wuce matakin farko ba.

Gwada wannan: su je kasuwa wajen masu awo uku su tambayi kuɗin tiyar hatsi yau da kuɗinta lokacin kaka, su rubuta shafi guda kan abin da ya kawo bambancin, da sunan kasuwar da ranar da suka je. Na gaba a ba su manoma biyu, ɗaya yana sassaben zamani yana barin gawo da kalgo su tofo cikin gona, ɗaya yana share komai, su auna ribar kowa da asararsa. Nan za ka ga wanda ya gane cewa gawo da damina yake zubar da ganye don haka inuwarsa ba ta danne hatsi, da wanda ya haddace kalmar kawai. Kuma sassaben zamanin nan a jiharmu ta Maradi ya samo tushe tun shekarun 1980, kusan kowane ɗalibi yana da kawu ko kakan da zai tambaya.

Ɗan L2:
Ranku ya daɗe malamai ku yi haƙuri na sa baki. Wallahi ba duka lalaci ba ne, matsalar kowane malami yana ba da aiki kamar darasinsa kaɗai muke, sai ka ga uku sun faɗo sati guda ga jarrabawa a gaba, yawancinmu kan waya muke bugawa ba mu da kwamfuta, in kuran ya tafi shikenan, sannan ga kuɗin fitar da shi a takarda. Aikin gurup kuma mutum ɗaya ke yi sauran su kawo kuɗin fotokopi a sa sunansu. Da za a yarda mu rubuta da hannu, kuma a faɗa mana tun farko yadda za a raba makin, ba sai takarda ta dawo da maki 08 cikin 20 ba ko kalma guda a gefe.

Ɗan Gulbi:
Hajiya na yarda da lissafinki amma ina da ja kaɗan. In shafi guda guda suka saba da shi har shekara ta uku, ranar da aka ce su rubuta rahoton ƙarshen karatu za a sha kallo, don riƙe hujja guda tsawon shafi da yawa shi ma abin koyo ne. Ni gara aiki ɗaya dogo amma a yanka shi: farko tambayar da dalilin zaɓenta a rabin shafi, bayan sati biyu abin da suka jiyo ko suka karanto, ƙarshe shafi huɗu da suka ɗauki matsaya, misali bankin hatsi na ƙauye ya sayar yanzu ko ya riƙe sai damina ta faɗi. Matakan farko ba sai an ba su maki ba, dubawa kawai, wani lokaci su musanya tsakaninsu cikin aji.

Sannan ranar miƙawa a jefa ƙuri'a a fidda mutum goma kowa ya kare nasa da baki minti biyu. Ba wanda ya san ko shi ne, kowa sai ya karanta abin da ya sa wa hannu.

Wani abu kuma, hirar da manomi da hausa za su yi ta rubutun kuma da faransanci, kar kuskuren nahawu ya cinye makin tunani. Cikin 20 ni 3 kawai nike ware wa harshe, sauran na hujja ne da shaidar da aka kawo. Maganar yaron nan ta karon ranaku kuma gaskiya ce, allo guda a ofishin sashe kowane malami ya rubuta ranar karɓar aikinsa ya isa.

Mushe Sabon Shiga:
Allah ya saka da alheri. Zan soma da na tiyar hatsi da rubutun hannu, sai na ɗora dogon a kai yadda Malam Ɗan Gulbi ya ce. Hajiya in kina da takardar rabon makin da kike ba su don Allah ki turo mini ta WhatsApp in gani kafin litinin.