"Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga": to a Turoi wa ya tsaga bangon?

Bakatsine: Assalamu alaikum. Jiya bayan Isha wa da ƙani suka kusa ba hammata iska a majalisa kan kantin gado. Babban ya ce da ƙaramin bai kai maganarsu waje ba da dillalai ba su shiga tsakaninsu ba, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙaramin, da yake ya taɓa boko, ya ce ba haka ba ne. Wai birnin Turoi shekara 10 Girkawa na kewaye da shi ko ɓarɓashi bai zubo daga ganuwarsa ba, amma aka ci shi dare ɗaya da dokin katako mai mayaƙa ɓoye a cikinsa. A ganinsa ƙadangare mai wayo ba ya jiran tsaga. Aka watse ba a raba gardamar ba. Masana, karin maganar nan ta sha ƙasa ke nan a Turoi?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Ƙaramin rabin labari ya ji. Ganuwar nan da tsagarta aka gina ta. A tatsuniyar Girkawa, sarki Lawomedon, uban Firiyam da ke sarautar Turoi lokacin yaƙin, shi ya ɗauki gumakansu biyu aikin ginin, Fosaidon da Afolo, aka haɗa su da ɗan Adam guda mai suna Ayakos. Da aka gama, macizai uku suka yi tsalle za su haura. Biyu suka faɗo matattu, na ukun ya wuce ta ɓangaren da Ayakos ya gina. Nan take Afolo ya ce masa ta inda hannunka ya taɓa za a ci garin nan, kuma zuriyarka ce za ta ci. Haka aka yi har sau biyu. Ɗansa Telamon ne ya fara kutsawa lokacin da jarumi Herakilis ya zo da jiragen ruwa 6 kacal ya fasa garin, sannan tattaɓa-kunnen Ayakos, ɗan jarumi Akilis, yana cikin dokin katakon. Matar Hekta, babban jarumin Turoi, ita ma ta san wurin. Ta roƙi mijinta ya tsai da mayaƙa wajen itacen ɓaure, don ta nan ganuwar ta fi sauƙin hawa, har sau uku manyan Girkawa sun gwada ta nan.

Almajiri: A'uzu billahi, gumaka da aikin leburanci.

Malamin Tarihi: Tatsuniyarsu ce Malam, mu kwasar labari muke. Kuma da suka gama Lawomedon ya hana su ladan aikin, har ya ce zai yanke musu kunnuwa.

Ɗan Tasha: Ashe riƙe kuɗin 'yan kwangila ba yau aka fara ba. A yi bikin buɗe ganuwa, a yanka ƙyalle, magini na can yana bin fayil ofis-ofis. Ban kama suna ba.

Sarkin Magina: Ku tsaya, kuna ta cewa tsagewa kamar abu ɗaya ne. Bangon ƙasa tsagarsa iri-iri ce. Akwai ta yaɓe, siririya kamar gashi, ƙasar ta yi danƙo da yawa ba a sa mata isasshiyar ciyawa ba, ko rana ta busar da ita da gaggawa. Wannan ko tururuwa ba ta damu da ita ba. Akwai wadda ke tashi daga gindi ta miƙe sama tana buɗewa, wannan harsashi ne ya zauna, ruwa ya kwanta a gindin. Sai ta kusurwa, inda magini bai sarƙa tubalin bango biyu ba, ko aka jingina sabon gini da tsoho. Ta Ayakos irin wannan ce, hannu biyu a bango ɗaya, mahaɗar ce ke buɗewa. Ita kuma ba a yi mata maganin liƙe, sai an sassaƙe an sake ɗinke ta da tubali.

Gwaggon Yara: Sarkin Magina, ka tuna min labarin da kakarmu kan bayar, Allah ya jiƙanta. Wai wani attajiri ne mai mata biyu, ya zagaye gidansa da katanga mai kauri, ba a ganin ko kan raƙumi ta waje. Uwargida ta ce wa amarya kada ta kuskura ta zubar da ruwan wanke-wanke ta wajen ɗakinta. Amarya ta ce to ita ma uwargida kada nata ya biyo ta wajenta. Magudana ɗaya ce a gidan, a tsakiya, kowacce ta ce ba za ta taka ta gaban ɗakin kishiya ta je can ba. Sai kowacce ta riƙa fakar ido tana sheƙa ruwanta a gindin katangar baya, kusa da turken dokin maigida. Uwargida da asuba, amarya da dare, babu wadda ta san ɗayar na yi. Rani ya wuce, damina ta sauka, katanga ta yi baki. Ƙadangaru suka tare. Maigida ya gani ya ce ƙadangare ne, me zai ci? Ashe kububuwa na bin ƙadangare. Wata safiya aka tarar da doki a miƙe. Maigida ya tara su, uwargida ta rantse ruwanta bai kai ya tsaga katanga ba, amarya ma ta rantse, kuma duk cikinsu babu wadda ta yi kaffara. Kaka kan tsaya a nan ta ce wa jikoki, to ku faɗa min wa ya kashe doki.

Ba-Damagare: Maigidan mana, Gwaggo. Mata biyu magudana ɗaya?

Uwar Biyu: Allah ya biya ka. Kullum a ce mace ce tsagar. A Turoin ma Helen, matar da aka yi yaƙin a kanta, ake zagi, alhali Faris ɗan Firiyam ne ya je baƙunci gidan Minilawus a Isparta, ya ci ya sha, ya tafi da matar mai gida. Kuma shi aka ba alƙalancin tuffar zinariya tsakanin gumaka mata Hira da Atina da Afrodait, ya karɓi toshiya ya yanke hukunci. Ga tsaga nan, alƙali mai cin hanci.

Ɗan Tasha: Hajiya kotun ƙararrakin zaɓe kike nufi ko ta Girkawa?

Ba-Damagare: Amma Hajiya, uwargidan ce ta fara kafa doka.

Uwar Biyu: Ta fara don an yi mata kishiya ba a ƙara magudana ba. Ka je ka tambayi Gwaggo wa ya gina gidan.

Gwaggon Yara: Ni dai kaka ba ta taɓa ba da amsa ba. Wanda ya ce amarya ta ce ya yi kuskure, wanda ya ce uwargida ta ce ya yi kuskure, wanda ya ce kububuwa ta kore shi ya je ya kwanta.

Malamin Tarihi: Mu koma kan dokin katako, don nan gardamar Bakatsine take. Ifiyos ne ya sassaƙa shi. Yawan mutanen ciki ruwayoyi sun saɓa, wasu 30, wasu 50. Sauran suka ƙone sansani suka ja jirage bayan tsibirin Tenedos, aka bar Sinon shi kaɗai yana kukan Girkawa sun so yanka shi. Ya ce dokin hadaya ce ga Atina, kuma da gangan aka yi shi ƙato don kada ya shiga ƙofa, saboda in ya shiga Turoi ba ta ƙara ciwuwa. Mutanen gari suka kasu uku: a farke shi da tagulla, a tura shi daga kan dutse, ko a bar shi. Lawokon, bokan Turoi, ya soke shi da mashi, cikin ya amsa kamar ganga, ya ce shi ko kyauta Bagirke ya kawo tsoronsa yake ji. Macizai biyu suka fito daga teku suka kashe shi da 'ya'yansa biyu, jama'a suka ce alhakin doki ne. Kasandara, 'yar Firiyam mai duba, ta yi ta ihu ba mai saurare. Daga nan fa, a ruwayar Rumawa, su da hannunsu suka fasa ganuwar, suka sa wa dokin tayoyi da igiya a wuya suna ja suna waƙa. Sau huɗu yana cijewa a dokin ƙofa, sau huɗu makamai na ƙara a cikinsa.

Almajiri: Doki ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa har sau huɗu ba su farga ba?

Ɗan Tasha: Mu da ake kawo wa dokin taliya da atamfa duk bayan shekara huɗu, mu ja shi da kiɗa har tsakar gida, kada mu yi musu dariya. Shi kuwa Sinon sauya sheƙa ya yi, ya zo yana kuka tsohuwar jam'iyya ta zalunce shi.

Sarkin Magina: To ni a nan nake da ja. Tsagewa daban, rushewa daban. Karin maganar ta ce bango *ya tsage*, wato sakaci ne, a hankali, mai gida bai sani ba. Wanda ya ɗauki diga ya sare katangarsa ai ƙofa ya buɗe. Wannan sai dai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Malamin Tarihi: Masu tono ƙasa kuma suna da tasu. Tudun Hisarlik ne a Turkiyya, kusa da mashigin Dardanel, garuruwa 9 wani kan wani. Na shidan gindin ganuwarsa sassaƙaƙƙen dutse ne mai kaurin kusan mita 5, sama tubalin ƙasa. Bilegen, Ba'amurken da ya yi tono daga 1932 zuwa 1938, ya ce girgizar ƙasa ce ta tsattsaga shi wajen shekara 1300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, wanda aka gina a kansa kuma wuta ta cinye. Fosaidon shi ne gunkin girgizar ƙasa, shi ne kuma na dawaki, shi ya sa wasu ke cewa dokin katakon girgizar ce aka sakaya. Tun a zamanin da ma wani marubucin Girka ya ce sai wanda ya ɗauki mutanen Turoi wawaye zai yarda, dokin na'urar fasa ganuwa ce. Shiliman na Jamus kuwa, wajen neman garin Firiyam daga 1871, ya tsaga tudun da ƙaton rami, ya ratsa ta cikin abin da yake nema ya wuce ƙasa.

Ba-Damagare: A wajenmu ma "ke samun wurin ɓuya" wasu ke cewa, ba shiga ba. In haka ne ƙadangaren ɗan gida ne.

Uwar Biyu: Ɗan gida kam akwai. Helenus ɗan Firiyam, da aka hana shi auren Helen bayan mutuwar Faris aka ba ɗan'uwansa, fushi ya yi ya bar gari, shi ya faɗa wa Girkawa asirin cin Turoi. Namiji ne dai, a rubuta.

Bakatsine: Yanzu me zan je in ce wa wa da ƙanin nan?

Ɗan Tasha: Ka tambaye su nawa za su sayar da kantin.

Ba-Damagare: Gwaggo, dokin attajirin nan, an samu an yanka kafin ya cika?