Birkin kekena ya ƙi kamawa a gangaren Mambila

Assalamu alaikum 'yan uwa masu doguwar tafiya a keke. Na taso daga Jalingo, na bi ta Bali da Serti, gefen dajin Gashaka-Gumti, na hau Mambila da ƙyar. Yanzu ina Nguroje, saukar ce ta tsaya mini a rai.

Birkina na roba ne mai matse rim (ƙarfen da taya ke zaune a kai), ga kaya kusan kilo 20 a kariya. Na gwada wani gangare cikin ruwan sama, ya ƙi kamawa. Da rana kuwa rim ya ɗau zafi har tiyub ɗin baya ya fashe. Na canza roba, na ɗaure waya, duk a banza.

Don Allah, wanda ya taɓa sauka zuwa Mayo-Selbe, garin da ke gindin Mambila, da kaya, yaya ya yi?