Masu jin Sabiyanci ku taimaka, kalmar dutse ta rikita ni

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Salam jama'a. Dan Allah ko akwai wanda ya yi karatu a Sabiya a nan? Na samu gurbin karatu a can, fannin ilimin duwatsu da ma'adinai, an ce sai mun yi shekara guda muna koyon yarensu kafin mu shiga aji, to na ce bari in fara tun daga nan Katsina da waya kafin tahiya. Na fara da kalmomin da suka shafi fannina amma wallahi abin ya ɗaure min kai, yau in ga planina gobe planinu jibi planini, an ce kuma duk dutse ne. Ga wata kalma vrh, wai ƙololuwar dutse, ko wasali ɗaya babu a cikinta, ya ake faɗinta ma? Mi zan fara riƙewa?

Badauri a Novi Sad:
Wa alaikumussalam ƙanena, barka da arziki. Kwantar da hankalinka, kalmar ɗaya ce, wutsiyarta ce ke canzawa gwargwadon aikin da take yi a jimla. Su suna kiran abin padež kuma guda 7 ne, amma kar ka ce sai ka haddace su duka yanzu, kai da ke maganar duwatsu riƙe uku tukuna. In za ka dutsen ka ce idem na planinu. In kana can bisa ka ce ja sam na planini. In kana dawowa kuma vraćam se sa planine. Ka ga kalmar na ɗin nan ba ta motsa ba a biyun farko, wasalin ƙarshe ne kawai ke gaya ma mutum ko tafe kake ko ka riga ka isa, kuma nan ne yawancinmu ke zamewa, ka ce ma mutum kana tahiya alhali nufinka kana can zaune.

Shawarata kar ka riƙa haddar jadawali tsurarsa, ɗauki sunayen duwatsunsu na gaske ka yi ta juya su. Kopaonik shi ne babban wurin wasan ƙanƙararsu, ƙololuwarsa Pančićev vrh mita 2017, sai ka ce idem na Kopaonik, in ka isa kuma na Kopaoniku. Tara: na Taru, na Tari. Nan kusa da mu akwai Fruška gora, ba ta da wani tsawo, mita 539 ce inda ta fi tsayi, amma ranar Asabar da Lahadi cika take da mutane, za ka yi ta jin bio sam na Fruškoj gori, wato na je can, kuma lura kalmomin biyu ne suka canza tare ba ɗaya ba. Da haka kunnenka zai saba tun kafin kanka ya gane dokar.

Malama Uwar Ɗalibai:
Ɗana, abin da yayanka bai faɗa ba shi ne jinsi, kuma a nan Bahaushe ya fi mai Turanci sa'a don mu mun taso da farin gida da farar mota, ba baƙon abu ba ne a wurinmu sifa ta bi suna. Bambancin kawai su jinsi uku gare su. Planina mace ce, vrh namiji, brdo kuwa ba namiji ba mace. Shi ya sa dogo ke fitowa kala uku: visoka planina, visok vrh, visoko brdo. Galibi in kalma ta ƙare da a mace ce, kamar dai yawancin namu, in da baƙi namiji, in da o ko e na ukun nan.

Sannan ka daina fassara komai da dutse. Mu dutsen niƙa dutse, na jifa dutse, wanda ke tsaye a Dutsin-Ma shi ma dutse. Su kuwa na jifa kamen ne, falalen dutse ko ƙaton dutse stena, tudu ko ƙaramin tsauni brdo, babban tsauni mai daji da ƙauyuka a jikinsa shi ne planina. Tunda fanninka ke nan stena za ta fi yi maka amfani a aji.

Na Bakin Kasuwa:
Kai jama'a, mutum ya baro Katsina da ko'ina shimfiɗe take ya tafi koyon sunan tsauni kala biyar. Allah ya ba da sa'a dai, a tafi da rigar sanyi mai kauri.

Badauri a Novi Sad:
Hhh Na Bakin Kasuwa gaskiyarka kan rigar sanyi, sneg ita ce dusar ƙanƙara kuma zai san ta ba sai an koya masa ba. Na manta batun vrh. R ɗin ne ke zaman wasali, ka kaɗa harshe sosai irin r na kalmar biyar ka ɗan ja shi, kar ka cusa i ko u a tsakiya ka ce virih, za su gane amma za su yi murmushi. Haka brdo, haka crna da ke cikin Crna Gora, ƙasar da muke ce ma Montenegro. Ka kuma koyi baƙaƙensu na Sirilik tun yanzu, 30 ne kacal, kowane sauti da harafinsa tun gyaran da Vuk Karadžić ya yi, don allunan hanya da yawa da su ake rubutawa.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Allah ya saka da alheri Yaya, Malama na gode ƙwarai. Bari in gwada: Midžor je visok vrh, mita 2169, yana jikin tsaunin Stara planina kan iyakarsu da Bulgariya, idem na Staru planinu. Na yi daidai? Kuma in zan ce duwatsu biyu fa?

Badauri a Novi Sad:
Daidai ne wallahi har da Staru ɗin. Biyu dve planine, haka uku da huɗu tri planine, četiri planine, daga biyar sai ya koma pet planina. Wannan kuma wani babi ne, bari in fito daga aji in turo maka da murya.